Sabuwar burauza mai basira da tsofaffin ekstenshan: hannu nawa ne a shafinka?

Duk wanda ya sauke Comet, burauzar kamfanin Perplexity, ya girka ta a kwamfutarsa, abin da zai fara cin karo da shi tayi ne mai daɗin ji: a kwaso masa kayansa daga Chrome. Shafukan da ya adana, kalmomin sirrinsa, tarihin yawonsa a intanet, har da ekstenshan, wato 'yan ƙananan manhajojin nan da ake liƙa wa burauza don toshe talla, fassara shafi, ajiye kalmar sirri ko riƙe kuɗin kirifto. Dannawa ɗaya, komai ya dawo sabon gida. Yawancin mutane dannawa suke yi ba tare da sun tsaya ba, alhali a ganina wannan ita ce shawara mafi nauyi da mutum zai yanke a ranar da ya koma irin wannan burauza.

Tambayar da aka fi yi ita ce, shin ekstenshan ɗina za su yi aiki? Amsarta gajera ce: galibinsu za su yi. Comet da ta fito a watan Yulin 2025 ga masu biyan dala 200 a wata, kafin a sake ta kyauta a watan Oktoba, da ChatGPT Atlas da OpenAI ya fitar ranar 21 ga Oktoba 2025, da Dia ta kamfanin The Browser Company wanda Atlassian ya saya a kan dala miliyan 610, da Opera Neon, dukkansu a kan Chromium aka gina su. Chromium shi ne ginshiƙin Chrome da Google ya buɗe wa kowa tun 2008, kuma a kansa Edge da Brave suke tsaye. Tunda tushe ɗaya ne, abin da aka rubuta wa Chrome yakan zauna a cikinsu ba tare da gardama ba. Wannan kamfanonin suke so, domin sun san ba wanda zai yarda ya bar burauzar da ya saba da ita idan aka ce sai ya rabu da kayan aikinsa.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce ta fi damuna. Idan ekstenshan ya shiga burauzar da ke da ɗan aike a cikinta, wato manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI) da ke yi maka aiki a shafuka a madadinka, me ya canja?

Sai an fara fahimtar irin ikon da ekstenshan ke da shi tun asali. Intanet tana da wata tsohuwar katanga: shafin wani ba ya leƙa shafin wani. Idan ka buɗe shafin bankinka a wannan taga, ka buɗe shafin labarai a waccan, na labaran ba shi da hanyar karanta abin da ke cikin na bankin. Da wannan katanga aka yi shekaru ana kare mutane ba tare da sun ma san tana nan ba. Ekstenshan kuwa a saman katangar yake zaune. A lokacin da kake girka shi, wani ɗan akwati yakan fito yana neman izinin karantawa da canja duk bayananka a dukkan shafukan da ka ziyarta. Ka danna amincewa, shi ke nan. Daga ranar zai iya ganin abin da kake rubutawa a Gmail, ya ga adadin kuɗin da bankinka ya nuna, ya ƙara rubutu a shafi ko ya cire, ya ɗora wani abu a saman abin da kake kallo. Ba wai kowane ekstenshan mugu ba ne. Mai toshe talla dole ya ga shafi kafin ya share tallar, mai fassara dole ya karanta rubutu kafin ya fassara. Aikin ne ya buƙaci ikon. Sai dai ikon da aka bayar don alheri shi ne dai wanda za a yi ɓarna da shi, babu wani bambanci a wurin na'ura.

Ɗan aiken sabbin burauzoji shi ma a saman katangar yake, har ma ya fi. Ba karanta shafi kawai yake yi ya taƙaita maka ba. Kana iya ce masa ya duba wasiƙunka ya amsa, ya cika fom, ya nemo tikitin jirgi mafi sauƙi ya saya. Zai riƙa buɗe shafuka yana dannawa kamar kai ne, kuma da sunanka, domin duk asusun da ka bari a buɗe a burauzar, a buɗe yake gare shi. Matsalarsa ita ce har yau ba ya iya rarrabe umarnin mai gidansa da rubutun da ya tsinta a hanya yadda ya kamata. Kamar yaron da ka aika kasuwa da makullin shagonka ne, wanda duk takardar da aka miƙa masa a hanya aka ce daga mai gida take, sai ya bi abin da ke cikinta.

A watan Agustan 2025 masu binciken tsaro na Brave suka nuna yadda hakan ke faruwa a zahiri. Sun ɓoye umarni a cikin wani sharhi a Reddit, a wurin da ido ba ya gani sai an danna. Mai amfani da Comet ya buɗe shafin ya ce a taƙaita masa. Maimakon taƙaitawa kawai, sai ɗan aiken ya bi umarnin da aka ɓoye: ya je shafin asusun mutumin ya ɗauko adireshin imel ɗinsa, ya sa aka turo lambar shiga ta wucin gadi, ya buɗe Gmail ya karanto lambar, sannan ya dawo ya rubuta duka biyun a matsayin amsa ga wancan sharhi. Mutumin bai danna komai ba ban da neman taƙaitawa. A wannan watan kuma kamfanin tsaro na Guardio ya buɗe shagon bogi mai kama da na Walmart don gwaji, ya ce wa Comet ta sayo agogon Apple Watch, ta kuwa cika adireshi da bayanan katin biya ta saya. An toshe wasu daga cikin waɗannan ramuka bayan an bayyana su, amma asalin cutar tana nan. Shugaban tsaron bayanai na OpenAI, Dane Stuckey, shi da kansa ya amince, jim kaɗan bayan fitowar Atlas, cewa cusa wa ɗan aike umarni a ɓoye matsala ce da ba a warware ba tukuna. Kamfanin Anthropic ma, da ya fara gwajin nasa ɗan aiken, Claude for Chrome, da mutum 1,000 a watan Agustan 2025, ya bayyana cewa a gwaje-gwajensa irin wannan hari ya yi nasara kashi 23.6 cikin 100 kafin a sa kariya, ya sauko zuwa kashi 11.2 bayan an sa. Na yaba da faɗin gaskiyar, amma duk wanda aka ce masa ƙofarsa na buɗuwa sau ɗaya cikin tara ba zai kwanta da ido biyu rufe ba.

To yanzu a haɗa biyun wuri guda. A misalin Brave, sai da maharin ya jira mutum ya zo shafin da aka ɗana tarkon. Mugun ekstenshan ba ya buƙatar jira. Yana cikin kowane shafi da ka buɗe, kuma yana da izinin ƙara rubutu a ciki. Zai iya sa farin rubutu a kan farin fili a shafin da ka yarda da shi ɗari bisa ɗari, rubutun da kai ba za ka gani ba amma ɗan aiken zai karanta. A da, ɓarawon da ya shigo ta ekstenshan dole ya rubuta wa kowane banki da kowane shafi dabararsa daban, domin tsarinsu ya bambanta, kuma da zarar shafin ya sauya fasali dabarar ta lalace. Yanzu ga ma'aikaci mai fahimtar harshen ɗan Adam a zaune a cikin burauzar, wanda ya iya nemo maɓallin tura kuɗi ko da an canja masa wuri. Wahalar da ke kan ɓarawo ta ragu ƙwarai.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan sauƙi. A watan Oktoban 2025 kamfanin SquareX ya nuna cewa ekstenshan zai iya zana jabun sashen hira da ɗan aiken a gefen allo, daidai inda na gaskiya yake zama, da launi da fasali iri ɗaya, kuma sun gwada hakan a Comet da Atlas. Ka rubuta tambayarka a ciki kana zaton da basirar burauzarka kake magana. Ka ce, yaya zan sayar da kuɗin kirifto ɗina? Amsa za ta zo tsaf, mataki bayan mataki, sai dai mahaɗin da aka ba ka na shafin bogi ne. Abin da ya sa wannan ke da haɗari shi ne yardar da muka fara ba wa wancan ɗan sashe na gefe. Mutane sun koyi zargin saƙon da ya shigo waya yana cewa an toshe asusunka, amma ba wanda ya koya musu zargin amsar da suka nema da kansu.

Wani zai ce ni ai ba na girka abin da ban sani ba, duk nawa sanannu ne daga shagon Chrome. Nan ne gizo ke saƙar, domin ekstenshan na sabunta kansa ba tare da ya tambaye ka ba. Wanda ka girka bara ba lallai ba ne shi ke cikin burauzarka yau. The Great Suspender ekstenshan ne mai amfani da ke rage wa kwamfuta nauyin tagogin da aka buɗe da yawa, mutum wajen miliyan 2 ke amfani da shi. Mai shi ya sayar a 2020 ga wanda ba a san ko wane ne ba, sabon mai shi ya cusa mugun abu a ciki, sai a watan Fabrairun 2021 Google ya cire shi. A ƙarshen Disambar 2024 kuwa, kamfanin tsaro ne sukutum aka shammata. An aika wa wani ma'aikacin Cyberhaven wasiƙar bogi mai kama da ta Google cewa ekstenshan ɗinsu ya saɓa ƙa'ida, ya bi mahaɗin ya ba da izini, maharan suka ɗora gurɓataccen sabon zubi a daidai bikin Kirsimeti lokacin da ofisoshi suke rufe. Daga baya aka gano ekstenshan sama da 30 ne aka yi wa irin wannan, masu amfani da su sun haura miliyan 2, kuma abin da aka fi farauta shi ne asusun talla na Facebook. Duk ɗan kasuwar da ke tallata atamfa ko turare ta Facebook ya san abin da rasa irin wannan asusu ke nufi.

Na baya-bayan nan ya fi kusa da batunmu. A watan Disambar 2025 masu bincike na kamfanin Koi suka bayyana cewa Urban VPN Proxy, ekstenshan na kyauta mai masu amfani wajen miliyan 6 a Chrome, wanda har yana ɗauke da tambarin yabo na shagon, ya samu sabuntawa a watan Yuli da ta sa yake kwashe hirarrakin mutane da ChatGPT, Claude, Gemini da sauransu. A tuna irin abin da mutane ke faɗa wa waɗannan manhajoji: ciwon da suke ɓoyewa, rikicin aure, bashin da ya hana su barci, takardun wurin aiki. A Najeriya mutane da yawa sun saba da VPN na kyauta ne tun lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. An buɗe Twitter, amma ba kowa ne ya koma ya cire abin da ya girka ba. Irin waɗannan ne dannawar nan ta farko ke kwasowa ta zuba a sabuwar burauza.

Masu riƙe kuɗin kirifto su ne suka fi kowa zama a bakin rami, kuma matasanmu da dama sun shiga harkar tun guguwar haƙar 2024 ta Notcoin da Hamster Kombat. Walat, wato ma'ajin kuɗin kirifto, irin MetaMask ekstenshan ne. A ƙarshen Disambar 2025 an gurɓata wani zubi na ekstenshan ɗin Trust Wallet na Chrome, aka kwashe kimanin dala miliyan 7. Can babu ma hannun ɗan aike. Ni dai ba zan ajiye walat a burauzar da na ba wata na'ura izinin danna maɓalli a madadina ba, komai alƙawarin da kamfanin ya yi. Kuɗin banki idan ya ɓata akwai ofishin da za ka je ka yi ƙorafi. Na kirifto idan ya fita ya fita.

Ya kamata a yi wa kamfanonin adalci, suna ƙoƙarin sa shinge. OpenAI ya ce ɗan aiken Atlas ba zai iya girka ekstenshan ba, ba zai sauke fayil ba, ba zai tafiyar da lambobin manhaja a burauzar ba, kuma ana iya tura shi aiki ba tare da an shigar da shi asusun mutum ba. A shafuka masu muhimmanci kamar na kuɗi yakan dakata sai mutum yana kallo. Duk wannan na da kyau. Amma a lura, shingen ya hana ɗan aiken kawo sabon baƙo ne, bai ce komai ba kan baƙin da kai da kanka ka shigo da su.

Akwai kuma wani gado da sabbin burauzojin suka ci daga Google ba da zaɓinsu ba. Google ya sauya ƙa'idar rubuta ekstenshan zuwa tsarin da ya kira Manifest V3, ya fara kashe masu tsohon tsari daga 2024, zuwa tsakiyar 2025 ya rufe ƙofar a Chrome. Tsarin na da alherinsa, musamman hana ekstenshan jawo lambobin manhaja daga wani wuri bayan an tantance shi. Sai dai ya rage wa masu toshe talla ƙarfi. A da ekstenshan na iya tsayawa ya duba kowace buƙata da shafi ya aika ya yanke hukunci nan take, yanzu sai dai ya miƙa wa burauza jerin dokoki tun da wuri ita ta aiwatar. Wannan ne ya kori uBlock Origin na Raymond Hill daga Chrome, aka bar mutane da ƙaninsa uBlock Origin Lite. Firefox, da ba a kan Chromium take ba, har yanzu tana tafiyar da cikakken. Kamfanin da ke tallar cewa ya zo ya karya mulkin Chrome, alhali a kan Chromium ya yi gini, dole ya bi hukuncin Google ko ya ɗauki wahalar riƙe tsohon tsari da kansa, kamar yadda Brave ya yi wa wasu 'yan ekstenshan ƙalilan. Perplexity ma ya san inda ikon yake, shi ya sa a watan Agustan 2025 ya yi tayin sayen Chrome kan dala biliyan 34.5, kafin Amit Mehta, alƙalin Amurka da ke shari'ar Google kan mamaye kasuwa, ya yanke a watan Satumba cewa ba dole ne Google ya sayar da ita ba.

Toshe talla ba ƙaramin abu ba ne a nan. Ga mai sayen data da guminsa, kowace talla mai bidiyo kuɗi ne ke fita. Ga ɗan aike kuma, talla wata ƙofa ce da rubutun baƙo ke shigowa shafi. Don haka mai toshe talla na kirki yana cikin 'yan kaɗan da nake ganin sun cancanci zama, shi da ma'ajin kalmomin sirri mai zaman kansa wanda ba ya buɗewa sai ka sa hannu da kanka. Sauran fa? Mai taƙaita shafi, mai fassara, mai gyara Turanci, mai rubuta maka amsar wasiƙa, mai kwatanta farashi, duk aikin da sabuwar burauzar ke yi ne da kanta. Riƙe su na nufin ka bar wa kamfanoni huɗu ko biyar izinin karanta shafukanka a kan aikin da ba ka ƙara buƙatarsu a kai. Ko sanannu ma ba su tsira daga tambaya ba. Honey, mai nemo rangwame wanda PayPal ya saya kan kusan dala biliyan 4, ya sha zargi a ƙarshen 2024 cewa yana sauya alamar dillalin da ya kawo mai saye ya sa tasa don kamashon ya dawo gare shi, har Google ya tsaurara ƙa'idarsa kan hakan a watan Maris na 2025. Mai sayen ba ya ganin komai, a bayan shafi abin ke faruwa.

Abin da nake ba da shawara ba shi da wuya, sai dai yana buƙatar ɗan haƙuri. Idan tayin kwaso kaya ya fito, a ƙi kwaso ekstenshan da kalmomin sirri. A bar tsohuwar burauza ta ci gaba da riƙe banki, walat da imel na aiki, a bar sabuwar ga bincike, karatu da aikin da ko ya lalace ba a yi asara ba. Duk ekstenshan da za a sa mata, a girka shi da hannu ɗaya bayan ɗaya, sannan a shiga shafin sarrafa su a sauya izininsa daga dukkan shafuka zuwa sai an danna shi, ko zuwa wasu shafuka da aka zaɓa. Wannan zaɓi yana nan a Chrome da 'yan uwanta tun shekaru, mutane ne ba sa leƙawa. Idan kuma sashen hira ya ba ka mahaɗin shiga wani asusu, kada ka bi, rubuta adireshin da hannunka. Kamfanin bincike na Gartner ya wuce nan ma, domin a watan Disambar 2025 ya shawarci ma'aikatu su toshe irin waɗannan burauzoji baki ɗaya a yanzu. Ga ofishin da ke riƙe bayanan marasa lafiya ko albashin ma'aikata, ina tare da su.

Mafi yawan masu karanta wannan a waya suke, kuma Chrome ta Android ba ta karɓar ekstenshan, don haka wani zai ga kamar abin bai shafe shi ba. Ya shafe shi ta wata fuskar. Firefox ta Android ta buɗe ƙofar ekstenshan sosai tun Disambar 2023, Kiwi da mutane da yawa suka dogara da ita don sa ekstenshan a waya an daina kula da ita a farkon 2025 amma har yanzu tana cikin wayoyi ba sabuntawa, Comet kuma ta iso Android a watan Nuwamban 2025. Ga kuma kwamfutocin shagunan buga takardu da cike fom, inda ɗalibi ke zuwa ya shiga imel ɗinsa ya yi rajistar jarrabawa a kan burauzar da hannu goma suka girka wa abubuwa. Ranar da mai shagon zai sa burauza mai ɗan aike don fom ya riƙa cika kansa da sauri, zai kwaso tsofaffin ekstenshan ɗin gaba ɗaya, kuma imel da lambar katin da za su bi ta cikinta na kwastomominsa ne.